Mawallafi Ɗan Talla: Nazarin Labarun Laifi na Biranen Amurka

Akwai wani irin adabi da ya yi ƙarfi a tsakanin Baƙar Fata na biranen Amurka tun daga wajen 1967, wanda masu shi ke kira adabin titi. Labaru ne na masu fataucin ƙwaya, da kawalai, da 'yan fashi, da matan da ke zaune a inuwarsu, an rubuta su da bakin mutanen unguwa, ba tare da sakaya zance ba. Malaman jami'a sun daɗe ba su waiwaye shi ba, waɗanda suka waiwaya kuwa yawancinsu sun tsaya a kan tambaya guda, watau ko yana gyara tarbiyya ko yana ɓata ta. Abin da mu ke nufin dubawa a wannan takarda ya fi wannan kusa da sana'ar rubutu. Muna so mu ga yadda hanyar sayar da littafi ta ke shiga cikin littafin, har ta taɓa zubinsa, musamman ma ƙarshensa. Gama da yawa daga cikin mawallafan nan su ne masu ɗab'i, su ne kuma 'yan talla, kuma wanda ya wuni a bakin titi yana miƙa littafinsa hannu da hannu ba zai koma gida ya yi rubutu irin na wanda bai taɓa ganin fuskar mai saye ba. Mai karatu da ya san kasuwar littattafai ta Kano zai hango inda zancen ya shafe mu, amma sai mun je can tukuna.

Tushen abin yana wurin wani mutum mai suna Robert Beck, wanda aka haifa a Shikago a 1918, aka fi saninsa da laƙabin Iceberg Slim. Ya yi shekaru yana kawalci, ya sha ɗauri, sa'an nan ya tuba ya rubuta labarin rayuwarsa a littafin da ya kira Pimp, watau kawali. Wani ƙaramin kamfanin ɗab'i na Los Anjelis mai suna Holloway House ya buga shi a 1967. Masu kamfanin Turawa ne, amma sun gane abin da manyan kamfanonin Niyu Yok ba su gane ba, cewa akwai masu karatu birjik a unguwannin Baƙar Fata, sai dai ba sa shiga kantin littattafai. Saboda haka suka kai musu littafin inda su ke, shagon aski, da wurin mai jarida, da kantin barasa, a takarda mai araha, da girman da zai shiga aljihu. Har ƙamus na zaurancen titi aka sa a ƙarshen littafin, domin baƙon da zai karanta.

Ɗaya daga cikin waɗanda littafin nan ya faɗa hannunsu shi ne Donald Goines, mutumin Detroit, haifaffen 1936, wanda ya koyi shan ƙwayar heroin tun yana yaro cikin sojan sama, ya fito ya shiga sata da kawalci don ya ciyar da jarabarsa. Yana kurkukun Jackson a jihar Michigan ya fara gwada rubutu, da farko labarun makiyayan shanu na yammacin Amurka, abin da bai sani ba sai a majigi. Da ya karanta Slim sai ya juyo ga abin da ya sani. Daga 1971 zuwa watan Oktoba na 1974, sa'ad da aka harbe shi tare da matarsa a gidansu, ba a kuwa gano masu kisan ba, ya rubuta littattafai 16. Wannan sauri ya bar tabo a jikin aikinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Jimloli suna maimaita kansu, mutane suna shigowa su ɓace ba dalili, wani babin kuma da gani an san an rubuta shi ne don a cika shafi a karɓi kuɗi.

Duk da haka, wanda ya karanta Dopefiend, littafinsa na 1971, ba zai manta da shi ba. Labarin wata yarinya ce, Terry, 'yar gidan mutunci, mai aiki a kanti, wadda saurayinta Teddy ya ja ta zuwa gidan wani dillalin ƙwaya mai suna Porky. Goines bai yi gaggawar jefa ta ba. Ya bar ta ta zauna a ɗakin tana ƙyamar warin wurin da jinin da ke ƙasa, tana ganin ita ta fi ƙarfin wannan, sa'an nan ta ɗanɗana, sa'an nan ta fara ɗaukar kayan kantin da ta ke aiki, sa'an nan kunya ta fita daga idonta kaɗan kaɗan, har mai karatu ya rasa a wane shafi ne yarinyar da ya sani ta tafi. Porky kuwa yana wulaƙanta matan da jaraba ta kawo ƙofarsa ta hanyoyin da ba za mu ambata a nan ba. A ƙarshe hankalin Terry ya gushe, ta koma kamar ƙaramar yarinya. Babu abin sha'awa ko ɗaya a cikin rayuwar da littafin ya nuna. Kuɗin da ke cikinsa ƙazamai ne, ba sa kwana a hannun kowa sai dillali. Haka kuma a Never Die Alone na 1974, an soke tauraron, King David, tun a farkon littafi, labarinsa kuwa daga littafin ajiyar sirrinsa mu ke jinsa bayan ya mutu, ta yadda duk wata nasara da ya ke fahariya da ita mun riga mun san inda ta kai shi. Ko Kenyatta, jarumin da Goines ya ja labarinsa har littattafai huɗu da sunan aro na Al C. Clark, bai tsira ba, an kashe shi a na ƙarshe.

A lura da matsayin Goines a cikin wannan ciniki, domin a kansa hujjarmu za ta tsaya. Shi mai kai kaya ne kawai. Ya rubuta, ya miƙa wa kamfani, ya karɓi ɗan abin da aka ba shi, wanda bai taka kara ya karya ba, ya koma ya fara wani. Talla ba tasa ba ce, ribar da littafin zai yi shekara goma nan gaba ma ba ita ce a gabansa ba. An cuce shi, babu shakka. Amma wannan cuta ta bar masa 'yanci guda: mutanen labarinsa ba jarinsa ba ne, yana iya kashe wanda labari ya ce a kashe.

Bayan mutuwarsa abin ya lafa wajen shekara ashirin, labarun titi suka koma bakin mawaƙan gambarar zamani ta Baƙar Fata, waɗanda da yawansu suka riƙa ambaton Slim da Goines a matsayin iyayen gidansu. Da adabin ya sake tasowa a ƙarshen shekarun 1990, sai ya taso a hannun mata, da wata sabuwar hanyar ciniki.

Teri Woods tana aiki a ofishin lauyoyi a Filadelfiya sa'ad da ta rubuta True to the Game a farkon shekarun 1990. Kamfanoni fiye da 20 suka mayar mata da shi. Littafin ya yi shekaru a ajiye, daga baya ta buga shi da kuɗinta, ta loda a bayan mota, ta riƙa sayarwa da kanta, har ta kai shi Harlem a Niyu Yok, inda masu tebur a bakin titi na 125 ke baza littattafai tare da turare da faifan waƙa. Da ciniki ya kankama ta kafa kamfaninta, ta fara buga na wasu, cikinsu har da B-More Careful na Shannon Holmes, wanda ya rubuta a kurkuku. Vickie Stringer ma haka. Ta yi zaman kurkuku saboda fataucin ƙwaya, a can ta rubuta Let That Be the Reason, labarin wata uwa da saurayinta ya yasar da ita da ɗa, ta shiga haramtacciyar sana'a don ta riƙe kanta. Kamfanoni 26 suka ƙi shi. Ta buga da kanta a 2001, ta bi shagunan gyaran gashi da wuraren wankin mota tana talla, sa'an nan ta kafa Triple Crown Publications a birnin Columbus na jihar Ohio, wanda ya fito da K'wan da Nikki Turner da wasunsu. Kafin a yi nisa manyan kamfanonin da suka rufe musu ƙofa suka dawo suna zawarcinsu.

To, me talla ta koya wa waɗannan mawallafa? Abu na farko, ta koya musu darajar shafin farko. Mai saye a bakin titi yana tsaye ne, motar haya na zuwa, ya buɗe littafi ya karanta layi biyar, in bai kama shi ba ya ajiye. Saboda haka ba za ka sami doguwar shimfiɗa a littattafan nan ba, ko bayanin gari da yanayin sama. Daga buɗewa ana cikin magana, ko cikin rigima. Babi gajere ne, kuma ba ya ƙarewa sai ya bar ƙofa a buɗe. Wannan horo ne mai kyau, da ma a ce wasu masu digiri sun sha shi. Ta kuma koya musu kunne. Wanda zai sayar wa maƙwabcinsa labarin unguwarsu ba shi da damar ƙarya a kan yadda a ke magana, ko sunan layi, ko irin motar da dillali ke hawa a shekara kaza, domin gobe mai sayen zai dawo ya gaya masa a fuska. Hirar da ke cikin True to the Game tana da rai saboda wannan, 'yan matan suna zolayar juna da faɗa da gulma kamar an ɗauko su da na'ura. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wannan shi ne babban abin da mawallafan ke tallatawa, cewa sun gani da idonsu. Zaman kurkukun da zai zama abin ɓoyewa a wani wuri, a nan shaida ce da a ke bugawa a bangon littafi.

Amma fa shaidar gani da ido ba ta rubuta jimla. Abin da mawallafi mai zaman kansa ya rasa shi ne mutum na biyu, mai gyara, wanda zai karanta kafin duniya ta karanta, ya ce wannan babi ya yi yawa, wannan mutum ka manta da shi tun shafi na arba'in. Kurakuran rubutu da suka cika bugun farko na littattafan nan su ne abin da masu suka suka fi nunawa, alhali su ne mafi ƙanƙantar hasara, ana iya share su a bugu na biyu. Babbar hasarar ita ce babu mai ce wa mawallafi a'a. In muna son ganin abin da mai gyara ke iya yi, sai mu dubi Chester Himes, wanda shi ma a kurkukun Ohio ya fara rubutu. Yana zaune a Faransa cikin talauci Marcel Duhamel, mai kula da jerin labarun 'yan sanda na kamfanin Gallimard, ya ba shi shawara ya rubuta labarin laifi. Daga nan aka sami littattafansa na Harlem, masu 'yan sandan ciki biyu, Coffin Ed da Grave Digger, na farkonsu ya fito a 1957, ya kuma ci babbar kyautar Faransa ta irin wannan adabi a 1958. Titin da Himes ya zana bai fi na Goines tsabta ba, amma akwai hannu a kan linzami, kowane abin dariya da kowane abin tsoro an ajiye shi inda zai yi aiki.

Akwai kuma wani abu da talla ta shigo da shi wanda babu shi a Dopefiend, watau ƙawa. Bangon littafi dole ya tsayar da mai wucewa, saboda haka aka cika shi da mata masu ado, da motoci, da damin kuɗi. Abin da bango ya yi alkawari kuwa dole ciki ya biya. Sai ka ga shafi bayan shafi ana lissafin sunayen tufafi da agogo da sarƙoƙi, da farashinsu, kamar takardar kayan lefe. Wani zai ce ai haka mutanen su ke, wanda ya tashi ba shi da komai dole idonsa ya tsaya a kan kaya, kuma akwai gaskiya a nan. Sai dai akwai bambanci tsakanin mawallafin da ke nuna mana kwaɗayin mutumin labarinsa da wanda ke tayar da namu kwaɗayin don mu saya. A littattafai da yawa na wannan zamani na biyu ba a iya raba su.

Yanzu mu zo ga ƙarshen labari, inda mu ke ganin ciniki ya fi yin ɓarna. Labarin laifi, kowane iri ne, bashi ne a ke ci tun daga shafin farko. Mai karatu yana bin ɓarawo ko dillali, yana jin daɗin wayonsa, yana ci tare da shi, bisa sanin cewa akwai ranar biya. Ba lalle ne biyan ya zama wa'azi ba, ba lalle ne ma mugu ya sha hukunci ba, amma dole ƙarshen ya gaya mana nawa abin ya ci, kuma wa ya biya. In aka cire wannan, abin da ya rage yawon buɗe ido ne a unguwar talakawa.

True to the Game ya san wannan. Labarin Gena ne, yarinya daga gidajen gwamnati na marasa galihu a Filadelfiya ta ƙarshen shekarun 1980, da Quadir, babban dillalin hodar iblis wanda ya tara dukiya har ya rasa inda zai sa ta, ya kuma ƙudura zai bar sana'ar. Duk nauyin littafin yana kan tambaya guda: ana fita? Amsar da littafin ya bayar ita ce ba a fita. Abokan gaba suka harbe Quadir, Gena ta rage da makoki da kuɗin da ya ɓoye. Ko da ya ke samun kuɗin nan ya ɗan rage ɗacin maganin, mutuwar ta tsaya, ita ce ta mayar da dukan ƙawar da ta gabata ta zama abin tausayi. Mai karatu ya rufe littafi ya san abin da agogon da motar suka ci.

Sai ga kashi na biyu ya fito a 2007, na uku a 2008, aka wayi gari Quadir bai mutu ba, ashe an yi jinyarsa ne a ɓoye. Masu karatu suka yi murna, littattafan suka sayu, daga baya har aka yi fim a 2017. Amma a duba abin da wannan ya yi wa littafin farko. Ya koma baya ya zare masa ƙashin bayansa. Tambayar da aka amsa da jini, yanzu an ce wasa a ke yi, ana fita mana, in dai masu saye suna son mutum. Wanda ya karanta ukun a jere ba zai iya jin abin da wanda ya karanta na farko shi kaɗai a 1999 ya ji ba.

Za a iya kawo mana suka biyu a nan, kuma dukansu suna da ƙarfi. Na farko, ta da matacce don kasuwa ba sabon abu ba ne, Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893, masu karatu suka matsa masa har ya dawo da shi a 1903. Haka ne. Sai dai mutuwar Holmes ba hukunci ba ce a kan rayuwarsa, gajiya ce ta mawallafi, dawowarsa ba ta ƙaryata ko ɗaya daga labarun baya ba. Mutuwar Quadir kuwa ita ce ma'anar littafin. Na biyu, kashi na biyu da na uku ba daga bayan mota suka fito ba, babban kamfanin Grand Central ne ya buga su, saboda haka me ya sa za a ɗora wa zaman kai laifi? Amsa ita ce, abin da Woods ta kai wa kamfanin nan ba sabon labari ba ne, suna ne da ta gina da ƙafarta, da mutane biyu da dubban masu karatu suka riga suka ƙaunata. Gena da Quadir sun zama jari, ita ce kuwa mai jarin. Goines bai mallaki kome ba, shi ya sa bai ji ciwon kashe King David ba. Mawallafin da ya mallaki kayansa, in ya kashe tauraronsa, ya yanka saniyar da ya ke tatsa ne da hannunsa. Ba mu ce kada mawallafi ya mallaki aikinsa ba, wanda ya san yadda Goines ya ƙare ba zai faɗi haka ba. Abin da mu ke cewa shi ne ya kuɓuta daga hannun kamfani ya faɗa hannun mai saye, kuma mai saye ubangida ne mai daɗin baki, wanda ya fi wuyar saɓa wa.

Ana iya jurewa, amma sai mai wata madogara. Sister Souljah, wadda ta riga ta yi suna a fagen gwagwarmaya da waƙa, babban kamfani ne ya buga mata The Coldest Winter Ever a 1999. Ta rufe shi da tauraruwarta, Winter, 'yar dillali mai girman kai, tana zaman ɗaurin shekara 15. Ta rubuta wasu littattafai a kan mutanen gefen labarin, amma Winter kanta ta bar ta a kurkuku har 2021, shekara 22, kafin ta koma kanta. Mai sayar da littafi don ya biya kuɗin haya a ƙarshen wata ba shi da wannan haƙuri, ba kuwa don ya fi ta son kuɗi ba.

Da ciniki ya bar titi ya koma intanet, matsin ya ƙaru. Kamfanin Amazon ya fito da na'urar karatu ta Kindle a 2007 tare da hanyar da kowa zai buga littafinsa ba tare da maɗaba'a ba. A 2010 ya ba mawallafi kashi 70 cikin 100 na kuɗin littafin da aka sa wa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99, abin da Goines bai taɓa mafarkinsa ba. A 2011 manyan kantunan Borders, waɗanda ke da sashen littattafan Baƙar Fata, suka rufe. Sa'an nan a 2015 Amazon ya fara biyan mawallafan da ke cikin tsarinsa na karatu da kuɗin wata bisa yawan shafukan da aka karanta. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wanda a ke biya bisa shafi, kuma na'ura ke tallata shi muddin yana fitar da sabo a kai a kai, ba shi da amfani da labarin da ke ƙarewa. Daga nan jerin littattafai masu kashi biyar da shida suka yawaita, kowane kashi yana tsayawa a daidai inda aka ɗaga bindiga. Ranar biya kullum tana kashi na gaba.

A watan Janairu na 2006 wani marubuci Baƙar Fata, Nick Chiles, ya rubuta a jaridar New York Times yana kukan cewa littattafan nan sun mamaye kantuna, sun ture adabin kirki, sun kunyata jama'arsu. An yi ta muhawara a kai. A ganinmu ya sa hannu kusa da ciwon amma bai taɓa shi ba. Batsa da zubar da jini suna cikin Goines fiye da yadda su ke cikin magadansa, kuma ba su hana Dopefiend zama littafin gaskiya ba. Ya kuma manta da dubban mutanen da ba su taɓa gama littafi ba sai a kan waɗannan, a gidajen yari da shagunan kitso. Ma'aunin da ya kamata a ɗora wa irin wannan littafi shi ne ko ya biya bashin da ya ci.

A nan ne zancen ya iso gida. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da kamfanonin ɗab'i na Arewa suka yi sanyi, marubutan Kano suka bi wannan hanya ba tare da sun ji labarin Harlem ba. Marubuci ya biya maɗaba'a da kuɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwa, ya jira a sayar a ba shi. Aka riƙa raba labari kashi ɗaya, biyu, uku, domin kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu, kuma na ɗaya dole ya tsaya inda zai sa a nemi na gaba. Muhawarar da aka yi a jaridu a shekarun 1990 a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, inda Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya wa marubutan, ta yi kama da ta Chiles ƙwarai, har da zancen tarbiyya. Bambancin shi ne kasuwar Kano soyayya da zaman aure ta fi saye, kuma labarin soyayya yana iya jure jan rai, tun da aure a ke jira, in ya zo a kashi na huɗu bai ɓata kome ba. Labarin laifi ba haka ya ke ba.

Abin lura ne cewa fitattun labarun laifi na Hausa da aka fi nazari ba daga kasuwa suka fito ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin saurayin ƙauye da birni ya ruɗa har ya faɗa hannun ɓatagari, kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga shi a ƙarshen shekarun 1970. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, ta hanyar gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya ya zo. Gagare ya bi Mailoma daga yaƙin basasa zuwa shugabancin 'yan ta'adda, bai tausasa kome ba, ƙazantar da ke cikinsa ba ta gaza ta Goines ba. Amma littafi ne guda, ya fara ya ƙare, hukuncinsa ma yana rubuce a bangonsa tun kafin a buɗe. Alƙalan gasa ya rubuta wa, su kuwa sau ɗaya za su karanta su yanke.

Marubucin da ke son rubuta labarin 'yan daba ko masu safarar ƙwaya da Hausa a yau, mai yiwuwa ta waya zai fitar da shi. Tun daga shekarun 2010 da yawa sun koma Facebook da Wattpad da WhatsApp, inda a ke sakin shafukan farko kyauta, sa'an nan mai son ci gaba ya biya a sa shi cikin zauren masu karatu. Wannan ya fi tebur na titin 125 kusanci. Woods sai ta fita ta ke ganin mai saye, kuma littafin ya riga ya kammala kafin su haɗu. Shi kuwa wannan, masu sayen suna cikin aljihunsa, suna karanta shafin jiya da dare, kafin gari ya waye sun aiko masa da ra'ayinsu a kan wanda su ke so ya rayu, alhali bai rubuta shafin yau ba.